Dokar Maganin Feshi: Wa Ke Biya, Wa Ke Cin Kasuwa a Dayi?

Da zarar ruwan farko ya sauka a Dayi, kasuwar maganin feshi ta buɗe ke nan. Garin a kan mahaɗa yake. Hanyar da ta taso daga Kano ta biyo ta Gwarzo, a nan take haɗuwa da wadda ta fito daga Funtuwa, ta ratsa Malumfashi, ta miƙe Yashe. Kwalin da aka loda a Kano da asuba, kafin azahar yana kan kanta a nan.

Ranar kasuwa, ka tsaya a bakin shagon da ya amsa sunansa shago. Jarkoki a jere, kowace da lambar NAFDAC a jikinta, ga takardar rajista manne a bango. Manomi ya jingine babur, ya yi sallama, aka gaisa, aka tambayi iyali da ruwa.

"Alhaji, a ba ni mai ƙonawa, lita biyu."

"Malam, ai wannan hukuma ta hana. Ga wanda ya maye gurbinsa. Yana aiki, sai dai ba ya nunawa a yini guda."

Manomi ya ɗauki jarkar, ya jujjuya ta, ya tambayi kuɗi. Da ya ji, sai ya ajiye a hankali, ya ce Allah ya ba da kasuwa. Bai yi taku ashirin ba ya tsuguna a gaban wani yaro da ya shimfiɗa buhu a ƙasa, rana na dukan kayansa. A nan akwai abin da yake nema. Akwai mai takarda, akwai wanda takardarsa ta goge, akwai wanda aka ɗura a gorar lemo. Idan kuɗin lita bai cika ba, a auna masa rabi.

Alhaji yana kallo daga bakin ƙofa. Shi ya biya haya, shi ya yi rajista, shi ya kwashe abin da aka ce a kwashe daga kanta. Shi ne kuma ciniki ya wuce.

Irin wannan na faruwa a Ƙafur, a Bakori, a Ɗanja, a Ɗandume, a duk inda ake cin kasuwar mako. A birni, idan aka ce dokar kare muhalli, hankali kan tafi ga ruwan majemu da ke kwarara daga Chalawa da Sharaɗa da Bompai a Kano. A ƙasar noma irin tamu kuwa, dokar muhallin da ta fi taɓa aljihun jama'a tana cikin wannan jarka. Abin da ke ci mini rai shi ne, dokar tana da gaskiya, amma yadda aka kafa ta aka bar ta a rabin hanya ya mayar da ita haraji a kan wanda ya bi ta.

Yadda famfon feshi ya karɓi aikin fartanya

Kudancin Katsina ya daɗe da sanin maganin gona. Tun zamanin Turawa ƙasar auduga ce. Kamfanin BCGA ya kafa injinan gurza a Funtuwa da Malumfashi, har yau sunan bai ɓace a bakin mutane ba. Auduga kuwa shuka ce da ƙwari ke so, ta kanta feshi ya fara shiga gonakinmu.

A 1975 aka soma shirin raya aikin gona na Funtuwa da tallafin Bankin Duniya, ɗaya daga cikin uku na farko a ƙasar nan, tare da na Gusau da na Gombe. Shi ya kawo takin zamani da ingantaccen irin masara da malaman gona har cikin ƙauyuka. Masara ta tashi daga abin da ake shukawa a bayan gida don gashi, ta zama amfanin da ake cika tirela da shi.

Maganin ciyawa daga baya ya yi ƙarfi, lokacin da masu araha daga Sin da Indiya suka cika kasuwa. Dalilin karɓuwarsa a fili yake. Noman firi da maimai su ne ke cinye kuɗin manomi, ƙwadago kuma kullum tsada yake ƙarawa, don samari sun tafi acaɓa, sun tafi ci-rani, wasu sun tafi haƙar zinare. Gonar da mutum goma za su wuni suna duƙe a cikinta, yaro ɗaya da famfo a baya zai gama ta kafin rana ta yi zafi.

Sai matsalar tsaro ta zo ta ƙara. Manomin Faskari ko Sabuwa ko Ƙanƙara da gonarsa ke bakin daji ba zai tara mutane su yi kwana uku suna noma ba. Ya shiga da sassafe, ya fesa, ya fita. A 2016 kuma tsutsar nan mai cin zuciyar masara ta bayyana a Najeriya, ta mayar da feshin ƙwari dole ga mai masara, wanda a da bai damu da shi ba.

Saboda haka duk wanda zai taɓa jarkar feshi a yau, ya sani ya taɓa abincin gidan mutane.

Abin da aka hana, da dalilin hanawa

Dokokin muhalli a Najeriya kusan duk bayan ɓarna suka zo. A 1988 aka gano dubban gangunan shara mai guba da aka kwaso daga Italiya aka jibge a garin Koko, da ke jihar Delta a yanzu. Abin da ya sa gwamnatin soja ta kafa hukumar kare muhalli ta tarayya a wannan shekarar ke nan. NAFDAC ta zo a 1993, hukumar tabbatar da bin dokokin muhalli ta NESREA kuma a 2007.

A 2008 wake ya kwantar da mutane fiye da 100 a Bekwara ta jihar Kuros Riba, yara biyu suka rasu. A Doma ta jihar Gombe ma ɗalibai mata fiye da 100 aka kai asibiti bayan cin wake a makaranta. An gano maganin ƙwari ne aka adana waken da shi. NAFDAC, a ƙarƙashin marigayiya Dora Akunyili, ta haramta magungunan gona 30 a lokaci guda. A cikinsu akwai sinadarin da ke cikin Gammalin, wanda muka sani da gamale, da endosalfan da manoman auduga suka saba da shi.

A 2019, bayan yawaitar labarin matasan da ke shan Sniper don hallaka kansu, hukumar ta hana ƙaramar kwalbar maganin, ta hana tallar magungunan gona a kan titi da buɗaɗɗiyar kasuwa, ta kuma ce kowane dillali sai ya yi rajista. Sinadarin da ke cikin Sniper shi ne dikulobos, wanda ake rubuta DDVP a jikin kwalba, shi ne kuma ake tsinkawa a yi fiya-fiya.

Wadda ta fi girgiza yankinmu ita ce sanarwar 2023. Hukumar ta sa wa farakwat wa'adin farkon 2024, kulofirifos ƙarshen 2024, atirazin kuma farkon 2025. Wanda bai san noma ba zai ji su sunaye ne kawai. Farakwat shi ne "mai ƙonawa", wanda za ka fesa da safe, da yamma ka ga ciyawa ta yi ja. Atirazin shi ne wanda ake fesawa bayan shukar masara don kada ciyawa ta tsiro. Waɗannan biyun su ne ƙashin bayan noman masara na zamani daga Dayi har Ɗandume.

Dalilan hanin kuma masu nauyi ne. Farakwat ba shi da makari. Kurɓa ɗaya na iya kashe babban mutum, yana lalata huhu a hankali cikin kwanaki, likita na kallo ba abin da zai iya. Atirazin yana daɗewa a ƙasa, yana bin ruwa ya gangara cikin rijiyoyi, shi ya sa Tarayyar Turai ta janye izininsa tun 2004. Kulofirifos kuwa an danganta shi da illa ga ƙwaƙwalwar jarirai tun suna ciki. Ban ga mai imanin da zai ce a bar waɗannan a hannun yaro mai tallar gora ba.

Bin doka kuɗi ne

Kamfanin da ke son sayar da maganin gona ta halastacciyar hanya sai ya yi wa kowane samfuri rajistarsa daban. Sai an gwada maganin a gona a wata cibiyar bincike ta ƙasar nan, irin ta Samaru a Zariya. Sai an auna shi a ɗakin gwaji, an tabbatar abin da aka rubuta a jiki shi ne a ciki. Rajistar shekara 5 take yi, a sake sabuntawa. Ga izinin shigo da kaya, ga kwastam, ga sito mai iska wanda ba ya cikin gidajen mutane. NESREA ma tana da nata ƙa'idojin na 2014 a kan sinadarai masu haɗari da magungunan ƙwari, ma'aikatar gona ma da nata. Ofis uku, takarda uku, kowanne da kuɗinsa da jiransa.

Idan wa'adin hani ya cika, kayan da suka rage a sito sun zama kuɗin da ya kwanta. Ba a zubar da su a kwata, ba a binnewa a bayan gari. Sai an ƙona su a tanderu na musamman, shi ma da kuɗi.

Duk wannan a kan farashin jarka yake sauka. Sannan magungunan da suka maye gurbin na da, irin su gulufosinet, asali ma sun fi tsada. Waɗanda ke maye atirazin kuma suna son a fesa su a kan lokaci, da ma'auni daidai, in ba haka ba a yi asarar kuɗi ko a ƙona shuka.

Lokacin ma bai taimaka ba. An cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023, aka saki naira a watan Yuni. Dalar da ke ƙasa da naira 500 a farashin gwamnati ta haura 1,500 a farkon 2024. Sinadaran nan kusan duk da dala ake sayo su. Wato a daidai daminar da aka ce wa manomi ya bar mai araha ya koma mai tsada, a daminar ce komai ya ninka, daga taki har kuɗin motar kai amfani kasuwa.

A nan ne doka ke sauya fasalin gasa tsakanin kamfanoni, ko da ba nufinta ke nan ba. Manya irin su Jubaili Agrotec da Saro da WACOT suna da samfura masu yawa. Idan aka hana ɗaya, akwai wani a hannu da aka riga aka yi wa rajista. Suna da ma'aikatan da ke shiga ƙauyuka su yi gonar gwaji, manomi ya gani da idonsa. Kuɗin rajista idan aka raba shi a kan dubban kwalaye, ba ya wani nauyi.

Ƙaramin ɗan kasuwa da ke shigo da kwantena ɗaya ko biyu a shekara, wanda duk jarinsa a kan farakwat da atirazin yake, shi hanin ya kwashe wa ƙafa. Kafin ya gwada sabon magani, ya yi rajista, ya saba da manoma, damina biyu ta wuce. Wasu sun bar sana'ar. Wasu sun koma ƙarƙashin manya suna saro musu.

Wannan yana da kyau ta wani gefe, domin babban kamfani yana da adireshi, idan maganinsa ya yi ɓarna an san ƙofar da za a buga. Amma kasuwar da ta koma hannun mutum kaɗan, su ke yanka farashi, manomi kuma ba shi da wurin gudu sai wajen mai shimfiɗa a ƙasa.

Wanda ba ya biyan ko sisi

Mai shimfiɗa a ƙasa ba shi da rajista, ba shi da haya, ba shi da sito. Idan maganinsa ya ƙi aiki, mako mai zuwa yana wata kasuwar. Ba na ɗora masa laifin duka, yaro ne mai neman abinci, sau da yawa ma kayan ba nasa ba ne. Mai laifin yana can sama: wanda ya shigo da haramtaccen kaya da sunan wani abu, da wanda ke sake ɗura tsohon magani a sabuwar jarka, da mai buga takardar jabu, da mai tsinka lita ɗaya da ruwa ta zama biyu.

Shi wannan, kowace sabuwar doka riba ce a gare shi. Duk abin da ya ƙara wa mai bin ƙa'ida tsada, ya ƙara masa tazara. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Wanda ke son ganin ƙarshen irin wannan hanya, ya leƙa maƙwabta. Nijar ta riga mu. Kwamitin magungunan ƙwari na ƙasashen Sahel, wanda take ciki, ya haramta farakwat tun 2011, atirazin kuma a 2015. Duk da haka ƙungiyar RECA, mai haɗa majalisun manoman Nijar, ta sha bayyana cewa yawancin magungunan da ke kasuwanninsu ba su da izini, kuma akasari daga Najeriya suke shiga. Manomin Maraɗi ya shekara fiye da goma yana fesa abin da dokar ƙasarsa ta hana, saboda ta Jibiya ba a hana ba.

Darasin da na ɗauka a nan shi ne, ba a kasuwar ƙauye ake tare magani ba. Babu mai dafa farakwat a Dayi. Ta teku yake zuwa, a cikin kwantena, ta tashoshi ƙalilan. Jami'i goma masu amana a Apapa sun fi ɗari da ke bin yara da gora a kasuwannin Katsina. Kuma ƙasashen da ke sayar mana su ma da nasu alhakin. Turai ta hana farakwat a gonakinta tun 2007, amma an shafe shekaru bayan haka ana sarrafa shi a Ingila don sayarwa waje. Sin ma ta hana manomanta, ta ci gaba da loda wa duniya.

Waken da Turai ta mayar

Akwai wata doka da ba ta tsaya a rabin hanya ba, ita ce dokar mai saye. A watan Yunin 2015 Tarayyar Turai ta dakatar da shigar da busasshen wake daga Najeriya. Ƙa'idarsu ita ce kada ragowar dikulobos ta wuce miligiram 0.01 a kilo guda. A waken da suka auna an sami daga 0.03 har zuwa 4.6, wato mafi munin ya ninka ƙa'idar fiye da sau 400. Hanin na shekara ɗaya ne da farko. A 2016 aka ƙara shekara uku, a 2019 aka sake ƙarawa.

Najeriya ce kan gaba a noman wake a duniya, tana fitar da fiye da tan miliyan 3 daga gona a shekara. Yawancinsa mu muke cinyewa, don haka wasu kan ce asarar kasuwar Turai ba wani abu ba ce. Amma waken da aka ce bai dace da cikin Bature ba, shi ne muke yin ƙosai da alala da shi, shi ne ake dafa wa yara a makarantun kwana.

Yadda gubar ke shiga kowa ya sani. Ɗan kasuwa ya sayi wake da kaka yana da araha, yana so ya ajiye zuwa bazara ya yi tsada. Ƙwaro kuwa ba ya jira, cikin 'yan watanni zai mayar da buhu gari. Sai a baza waken a ƙasa, a yayyafa masa maganin da aka yi don feshin gona, a juya da shebur, a ɗure. Wani kuma ya jefa ƙwayar maganin da ake kira bom tsirara cikin buhu, a ɗakin da mutane ke kwana kusa.

Mafita tana nan, an kuma san ta. Tun 2007 jami'ar Purdue ta Amurka ta fito da buhun PICS mai riɓi uku, leda biyu masu kauri a ciki, buhun saƙa a waje. A ɗaure kowanne daban, iska ta ƙare, ƙwaro ya mutu, babu ko ɗigon magani. A Kano ma ake yin sa, kamfanin Lela Agro ya daɗe yana bugawa. Idan ba a huda shi ba, yana yin kaka biyu ko uku.

To me ya hana shi cin kasuwa gaba ɗaya? Lissafi. Buhun ya fi na gama-gari tsada nesa ba kusa ba, kwalbar magani ɗaya kuwa ta isa buhuna da yawa. Magidanci mai ajiye na ci a gida yakan sayi mai ledar, don ya san wa zai ci. Mai tara buhu 500 kuwa yana duba ribarsa. Idan ya kai Dawanau, dillali zai zura hannu ya duba girman ƙwaya da haskenta da ko ƙwaro ya huda. Babu mai tambayar da me aka adana. Tsabtataccen wake da mai guba kuɗinsu ɗaya. Wanda ya kashe kuɗi don kare lafiyar mutane, bai da inda zai fanshe.

Masu fitar da kaya waje su ne kaɗai ke tambaya, domin su kwantena ɗaya da aka mayar musu ta isa ta karya su. Shi ya sa manyansu ke ɗaukar manoma tun daga shuka, su ba da iri da magani, su sa ido, su auna a ɗakin gwaji kafin lodi. Wannan ma sai mai ƙarfi. Tashar tsandauri ta Funtuwa da aka ƙaddamar a 2024 ta matso da tashar jirgin ruwa kusa da mu, amma riɗi ko waken suya ko zoɓorodon da zai fita ta cikinta, da ma'aunin can za a auna shi. Ɗan kasuwar Malumfashi da ba zai iya biyan kuɗin gwaji ba, sai dai ya sayar wa wanda zai iya.

Asarar da ba ta shiga littafin kowa

Idan ana lissafin tsadar doka, a kan manta da tsadar rashinta, saboda ita ba a shago ake biya ba.

Dubi yaron da ke feshin haya. Singileti ne a jikinsa da silifa. Da hannu yake dama magani a bokiti. Famfon yana yoyo, ruwan yana bin gadon bayansa tun safe. Idan bakin famfo ya toshe, sai ya cire ya busa da bakinsa. Da ya gama, a rafin da ake shayar da dabbobi zai wanke kayan. Da dare kansa na sarawa, idonsa na yaji, sai a ce rana ce ta buge shi, a ba shi madara.

Jarkar da ta ƙare kuwa ba ta zama shara. Na sha ganinta a gidaje an ɗauraye, an zuba man gyaɗa, ko an rataya wa yaro ruwan tafiya kiwo. Yakuwa da rama da tafasa da mata ke tsinka a gefen gona su yi miya ko kwaɗo, a gonar da aka yi wa feshi sun yi ƙaranci. Masu ɗora amya suna kukan zuma ta ragu.

Waɗannan duk kuɗi ne. Wanda ya sayar da maganin da araha bai biya su ba, sai uwar yaron da ke kwance a asibitin Malumfashi. Amfanin dokar muhalli ke nan tun asali: ta ɗauko wannan asara daga kan marar ƙarfi ta mayar da ita cikin farashin kaya, inda mai yi da mai saye za su gan ta.

Kowa da inda ke masa ciwo

Manomi cewa yake, ku hana, amma ku ba ni wani a kuɗin da zan iya. Ba ya jayayya da cewa guba ce, ya fi kowa sani, a jikinsa take zuba. Dillali mai rajista cewa yake, ko a hana kowa ko a bar kowa. Kamfanoni na son a ba su isasshen lokaci, a kuma haɗe ofisoshin wuri guda. Masu fafutuka, irin gamayyar AAPN da ke Abuja, suna ganin har yanzu akwai magunguna da dama masu rajista a nan waɗanda Turai ta daina. Lokacin da aka kawo ƙudurin kafa majalisar kula da magungunan ƙwari a 2021, sun yi ƙorafin cewa an tanadar wa ƙungiyar kamfanonin kujera a cikin majalisar da za ta sa musu ido.

Ƙasar Siri Lanka ta gwada hanya biyu, kuma duka suna da abin koyo. Shekara da shekaru tana zaɓar magunguna mafiya kisa tana hana su ɗaya bayan ɗaya, har da farakwat, tana barin waɗanda za su maye gurbi. Yawan masu kashe kansu ya ragu da fiye da rabi, amfanin gona kuma bai faɗi ba. Sai a 2021 gwamnati ta hana shigo da takin zamani da magungunan gona gaba ɗaya a dare ɗaya. Shinkafa ta yi ƙasa, ganyen shayi ya yi ƙasa, kafin shekara ta ƙare aka janye dokar.

Hanyar da NAFDAC ta ɗauka ta fi kama da ta farkon, kuma ina tare da ita a kan haka. Inda aka gaza shi ne abin da ya kamata ya biyo bayan sanarwa. A tsare tashar ruwa. A sauƙaƙa wa magungunan da ba su kai na da haɗari ba kuɗin rajista da na kwastam, don tazarar farashi ta ragu. A dawo da malaman gona na hukumar raya aikin gona ta jiha, KTARDA, cikin ƙauyuka, domin sabon magani ba ya aiki da tsohon ma'auni. Gwamnatin jiha da ke sayen hatsi don makarantu da asibitoci ta sa sharaɗin a buhu mai leda aka adana shi, ta biya ɗan ƙari a kai. Ranar da tsabtataccen wake ya fi ɗan'uwansa ko da naira kaɗan a kwano, 'yan kasuwa ba sai an bi su da sanda ba.

Kafin nan, Alhaji mai shago yana nan a mahaɗar Dayi. Kafin ruwa ya sauka zai zauna da littafinsa ya yi odar kayan damina. Kwalayen sabon maganin da ya saro bara, rabinsu na nan a kan kanta ƙura ta hau. Yawancin magungunan nan shekara biyu ake rubuta musu a jiki, ɗaya ta riga ta tafi. Masu kawo kaya ta bayan fage sun san lambarsa, sun kuma sha yi masa tayin su sauke masa kwali goma na mai ƙonawa da dare, ya ajiye a ƙarƙashin kanta, ya biya bayan ya sayar. Bara ya ce a'a.